Ranar da Akwatin Baba Ya Yi Shiru

Jama'a, sallama gare ku. Ku da kuke ta cika min waya da "Yasira, yaushe ne biki?", ku aje guɗar tukuna. Yau ba labarin leshi na kawo muku ba. Abin kunya na tafka, kuma tun da na saba ba ku mai daɗi, bai kamata in ɓoye muku mai ɗaci ba.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: 'yar Wara ce ni, ta ƙasar Ngaski. Gidanmu a bakin ruwa yake, in iska ta taso daga tsakar gida muna jin jirage na gugar juna. Sunan mahaifina Ɗanbaba, amma in ba ka ce Ɗanbaba Mai Ruwa ba, ba wanda zai gane wa kake nufi. Tun shekarar da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato yake auna tafki. Da sanda ya fara, mai zane-zane. Kullum safe ya shiga ruwa ya duba, in ya ga ya ƙaro sai ya hau keke ya bi ƙauyuka yana sanar da masu albasa. Su kuwa irinsu can yake a gungu, tsakiyar ruwa, inda ƙasa take da laima, ba kullum suke tsallakawa ba. In labari ya iske su da wuri, sai su cire irin su mai da shi tudu, su janye injunan ban ruwa.

Bayan an samu sabis a garinmu, wasu masu shirin taimakon manoma suka kafa falwaya a bayan gidanmu, suka ɗaure mata wani ɗan akwati da faifan sola. Akwatin ne ya karɓi aikin sanda da keke. Ba shi da surutu. In ruwa na kwance, shiru yake. In ya fara hawa, sai tes ya shiga wayar kowane manomi: "Ruwa na tahowa, a ɗebe iri da injuna. Ɗanbaba." Ku riƙe wannan da kyau: a wurin mutanenmu, shirun akwatin Baba na nufin lafiya.

Masu shirin sun daɗe da tattara nasu-ya-nasu. Kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar akwatin ma ya daina kula da irinta, ya ce ta tsufa. Ni ce na rage. Na yi karatun kwamfuta a Birnin Kebbi, na dawo na iske idon Baba ya fara rauni, akwatin kuma yana shure-shuren mutuwa. Matsalarsa ɗaya: wurin da yake riƙe aiki, wanda muke kira ram, ɗan mitsitsi ne, wayar tocila ma ta kusa fin shi. Sababbin manhajoji kuwa kullum ƙiba suke yi. Allah Ya sa akwai wasu bayin Allah a intanet, ban taɓa ganin ko ɗayansu ba, da suka ɗauki alkawarin ci gaba da toshe ɓarakar tsohuwar manhaja saboda irin waɗannan tsofaffin na'urori. Daga wurinsu nake ɗauko gyara, in zauna in rage duk abin da akwatin bai buƙata, har ta shige ta bar masa wurin numfashi. Duk wannan wahalar tawa tana cikin wani ɗan kati da bai kai farcen babban yatsa ba.

To, sai ga Shu'aibu.

Ɗan Yelwa ne, yana aikin gyaran turakun sabis, dogo, mai sanyin murya, in ya yi dariya sai ya rufe baki da hannu. Ina son shi, ba zan yi muku kwana-kwana ba. Amma ranar da Inna ta ji irin aikinsa, sai ta jawo ni ɗaki ta tura ƙofa.

"Ke, ji nan. Maneman da sunka zo baya, mi ya kore su?"

"Inna, rabo ne bai yi ba."

"Bakinki ne bai yi ba! Namiji ya buɗe baki ki gyara mishi zance, wa zai zauna? Wanga ki ɗaure iliminki ga bakin zane. In ya tambaya, ki ce takardu kike bugawa."

Haka na faɗa masa kuwa. Kuma ba ƙarya ce zalla ba, ina buga wa mutane takardu a wani shago kusa da tasha. Har Baba sai da Inna ta ja wa kunne. Shi dai murmushi ya yi, don dama ba ya yabon ɗiyarsa gaban baƙi.

Ranar da Shu'aibu ya zo gaisuwa da kawunsa, Alhaji Abdullahi, tun da sassafe nake tsaye. Na soya giwan ruwa, na haɗa kunun aya mai dabino, na sa atamfata mai ruwan ganye da ɗigon zinari. Ɗaurin ɗankwali kuwa na yi na kwance ya fi a ƙirga, alhali na san ko ƙofa ba zan leƙa ba. Wurina bayan labulen da ya raba zaure da cikin gida ne. Ni da Inna muka zauna a tabarma ɗaya, ita tana tsintar shinkafar da ba ta da tsakuwa, ni ina leƙe ta wata 'yar ɓula da na san da ita tun ina yarinya. Shu'aibu ya shigo cikin farar shadda da hula zanna, ya durƙusa har ƙasa. Zuciyata ta ce, Yasira, wannan karon kada ki ɓata.

Hira ta yi daɗi har ta gangaro kan ruwa. Baba kuwa in an taɓo akwatinsa, sai ka ce an taɓo ɗan auta. Idon Shu'aibu ya yi haske.

"Baba, a ba ni izini in duba shi?"

Kafin a jima ya tuɓe babbar riga, ya hau falwaya, ya dawo zaure da katina a tafin hannunsa. Ya ciro laftof daga jaka ya soka shi. Na ga ya girgiza kai.

"Kai! Baba, wannan manhajar ai ta zamanin da ce. Wanda ya haɗa ta ma ya yanke ta ya bar ƙashi kawai. Ina da sabon kati, bari in sa muku sabuwa fil, wadda ake yayi. Ba wani abu ba ne, ɗa ne zai yi wa uba hidima."

Wadda ta haɗa ta tana bayan labule, gumi na bin bayanta.

Na san abin da zai faru, wallahi na sani kamar yadda na san sunana. Sabuwar za ta tashi. Za ta yi aiki yau, ta yi gobe. Amma a hankali wurin zai cika, kuma in ya cika, manhajar tana yin abin da mai jirgi ke yi in lodi ya yi yawa tsakiyar ruwa: ta duba kayan da ya fi nauyi ta jefar. A akwatin Baba, abin da ya fi nauyi shi ne shirin da ke aika tes. Za ta kashe shi ba tare da ta gaya wa kowa ba, koriyar fitila kuma ta ci gaba da haske abinta.

Baba bai san wannan ba, amma ya san hannun da ya saba taɓa akwatin. Kuma ta yaya zai ce wa suruki a'a, gaban kawunsa, kan kyautar farko? Ya shafa gemu, ya gyara zama, sannan ya juyo da fuska wajen labule.

"To, madalla. Ko mutanen cikin gida na da magana?"

Ni yake nufi. Tari ɗaya ya isa. In motsa faranti ma ya isa, Baba zai gane, ya nemo dabarar da zai ce a bari sai wani jiƙo. Na buɗe baki, sai na ji yatsun Inna sun nutse a cinyata.

"Ki kuskura," ta ce, a cikin maƙoshi.

Na yi shiru. Kuma kada in ɗora wa Inna duka: mintsini bai taɓa hana ni magana ba. Farar shaddar nan na kalla, na tuna waɗanda suka zo suka tafi, na haɗiye maganata.

Alhaji Abdullahi ya yi dariya. "Malam, ai shirun budurwa yarda ce."

Aka yi dariya gaba ɗaya. Shu'aibu ya kwashe lambobin manoma da shirin aika saƙo ya zuba a sabon kati, ya sake hawa, ya gwada. Wayar Baba ta yi ƙara a aljihu. Kawu ya ce, "Ka gani? Yaran zamani!" Tsohon katina kuwa, ina kallo ta ɓular labule, Shu'aibu ya jefa shi a aljihun gaba tare da murfin biro.

Kada ku tambaye ni ko ina da kwafi. Ni mai yi wa mutane wa'azin ajiye kwafi a shago, nawa kullum "gobe" nake ce masa. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Da yamma, ina wanke faranti, saƙonsa ya shigo.

"Kin ga yadda Baba ya yi murna?"

"Na gani. Allah Ya saka da alheri."

"Yasira, ban tashi na ga mahaifina ba. Yau ne na fara sanin daɗin a ce ka yi wa uba aiki ya sa maka albarka."

Ku gaya min, 'yan'uwa, wace amsa ake ba wannan? Na rubuta, "Don Allah katin nan da ka sa a aljihu, kada ka yar." Na goge. Na rubuta, "Akwai maganar da ban faɗa maka ba game da aikina." Na goge. Abin da na tura a ƙarshe shi ne, "Ka isa gida lafiya?"

Washegari na ɗauko tsani zan duba akwatin, Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu.

"Ina za ki?"

"Inna, dubawa kawai zan yi."

"Budurwar da anka kawo gaisuwarta ta hau ƙarhe, duk masu jirgi na kallo? So kike labari ya kai Yelwa kahin la'asar? Aje tsanin nan."

Na aje. Na ce wa raina, ai bayan an sa rana sai in lallaɓa in gaya masa. Na ce wataƙila ma lissafina ne ba daidai ba. Kullum in na fita shanya sai in ɗaga kai, in ga koriyar fitila, in yi kamar ban san ƙarya take yi ba.

Ga wurin da ya fi ci min rai. Wata safiya na kai wa Baba kunu, yana zaune a kan buzunsa yana fuskantar ruwan da idonsa bai iya gani sosai yanzu. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kirana Yasira ba.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Aikin yaron nan, lahiya dai ko?"

Ba Inna a wurin. Ba kawu, ba labule, ba mai mintsini. Ni da shi ne kawai, da ƙoƙon kunu. Da na ce, "Baba, akwai gyara," da ya aika a gaya wa mutane su dinga tsallakawa suna duba ruwa da idonsu, shi ke nan, in kunne ya ji jiki ya tsira. Amma in na faɗa, sai ya tambaye ni me ya hana ni magana ranar nan. Kunyar wannan tambayar ce ta fi ƙarfina.

"Lafiya lau, Baba," na ce.

"To, alhamdu lillahi. Tun da ke kin faɗa."

Ya sha kununsa hankali kwance.

Aka tsayar da Asabar za a zo sa rana. Gidanmu ya koma kamar kasuwa. Gwaggonnina suka iso daga Shanga da buhun shinkafa, mai lalle ta zana min hannu har gwiwa, tela ya kawo leshi ruwan madara, wuyan ya yi faɗi aka mai da aka rage. Shu'aibu na turo hoton hulunan da zai zaɓa, ina cewa ta hagu ta fi. A cikin wannan hidimar ruwa ya taho. Ba ya sallama dama, a hankali yake hawa, sai ka ga inda ka aje takalmi jiya ya zama kududdufi. Ni da ke bakinsa ban ma lura ba, ina ɗaki ana gwada min ɗauri. Wayar kowa kuwa shiru.

Safiyar Asabar, na gama shiri ke nan, an fesa min turare, sai muka ji hayaniya a ƙofar gida. Inna ta washe baki. "Har sun iso? Da wuri haka?"

Ba su ba ne.

Na koma ɓular labule. Zaure cike yake da maza, ƙafafunsu duk laka, wasu wandonsu a naɗe har gwiwa. A gaba Baba Ishaya ne, aminin Baba tun zamanin keke. Duk shekara shi ke kawo mana albasar farko, mu kuma ranar Kirsimeti Inna ta aika musu da waina. Ina ƙarama Baba Ishaya yakan ce min "amaryata" don tsokana, in gudu in ɓuya. Yau bai zauna ba. Ya buɗe hannu ya zube wani abu a kan tabarma, gaban Baba. Irin albasa ne, ya yi laushi ya yi baƙi, warinsa har inda nake.

"Ɗanbaba, taɓa ka ji, tun da ido ya yi nisa."

Baba ya miƙa hannu ya taɓa. Na ga yatsunsa sun tsaya.

"Duka?"

"Duka. Nawa, da na Bitrus, da na matar marigayi Audu, wadda ta sai da awakinta ta sayi iri. Injuna suna ƙarƙashin ruwa. Jiya wani masunci ya gaya muna, munka ce ƙarya yake, ai Ɗanbaba bai yi magana ba. Sai da munka tsallaka munka gani da idonmu."

Wani daga baya ya ɗaga murya. "Bana ba mu da albasa! Mi za mu ci?"

Baba Ishaya ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi. Sannan ya sassauta murya, kuma wallahi gara ya yi faɗa. "Ba rigima ta kawo mu ba. Shekara da shekaru maganarka ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ka gaya muna, mi ya faru?"

Inna ta zauna daɓas a gefena. Ta san amsar, ni ma na sani, Baba ma yanzu ya sani. Ina jira ya juyo wajen labule kamar ranar nan. Ina jira ya ce, "Uwata, ba ke kika ce lafiya lau ba?" Na shirya wa wannan, na ma fi son sa.

Bai juyo ba. Ko gefen labulen bai kalla ba.

"Ni ne," ya ce. "Tsuhwa ce. Na sa hannu ga abin da ban sani ba, na ɓata shi. Ba laihin kowa ba ne, nawa ne ni kaɗai. Ku yi min aikin gahwara." Ya cire hularsa ya aje a kan gwiwa. Ban taɓa ganin kan Baba a buɗe gaban mutane ba. "Daga yau a cire sunana ga saƙon nan. Kowa ya dinga duba ruwansa. Ɗanbaba ya gama."

Na ji wani ya yi tsaki, wani ya ce, "Dama an ce mutum ya san lokacin da zai sauka." Mutumin da ya shiga ruwan sanyi da sanda tun ban zo duniya ba, shi ake gaya wa haka, a zaurensa, yana sunkuye, don kada a ce saurayin ɗiyarsa ne ya jawo, don kada a ce ɗiyarsa ta sani ta yi shiru. Na dubi lallen hannuna na ji ƙyamar kaina. Da ƙasa za ta tsage da na shige da leshin da komai.

Waya ta yi motsi a cinyata. Shu'aibu ne.

"Mun shigo Wara. Kawu ya ce goron nan ko gidan sarauta sai haka. Na sa hular hagu. Kin shirya?"

Inna ta karanta ta saman kafaɗata. Hannunta ya sauka a cinyata, wuri ɗaya da na ranar nan.

"Ki bari su tahi," ta ce a hankali, hawaye na zuba. "Ya riga ya ɗauka. Ki bari a sa ranar, don Allah, ɗiyata."

Na kama hannunta na sauke shi a kan tabarma. Na ja mayafina na rufe kai. Na miƙe. Labulen nan da na girma a bayansa, na sa hannu na yaye shi gaba ɗaya.

Maza suka ɗago. Baba Ishaya ya ja da baya. Sai a lokacin Baba ya juyo, yana girgiza min kai.

"Uwata, koma ciki."

"Baba, sa hularka," na ce, yadda kowa zai ji. "Ba kai ka taɓa akwatin nan ba. Kuma ni na san zai mutu tun ranar da aka taɓa shi."

Ban ji tsayuwar mota ba. Sallamar kawai na ji ta katse a tsakiya. A bakin ƙofar zaure, bayan kafaɗar Baba Ishaya, Shu'aibu ne tsaye da hular hagu a kansa da ƙwaryar goro a hannu, yana kallon ruɓaɓɓen irin da ke kan tabarma. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Yasira," ya ce, "wa ya taɓa shi?"